Hudar da Ke Murfin Tanki

"Ya sake mutuwa," in ji tsoho Leocadio, yana turo kekensa mai inji cikin farfajiyar gidan Ovidio. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. "Kuma a daidai gadar nan. Sai ka ce wani ya binne masa asiri a wurin."

Ovidio na tsugune gaban wata fanka da ya wargaza. Bai ɗago kai nan take ba, don ya san abin da zai gani, kuma ba ya son gani. Da ya ɗago, ga maƙwabcin nasa ya kifa ƙirji a kan sirdin keke, baki a buɗe, yana jan numfashi da ƙyar, leɓunansa sun yi toka-toka.

"Zauna tukuna, Baba. Migdalia! Kawo wa Baba ruwa."

Daga tsallaken titi, inda 'yan wasan domino ke zama a gindin mangwaro, Fermín mai sayar da fetur a kwalba ya ɗaga murya. Shi dai Fermín ba a yin abu a layin nan bai tsoma baki ba.

"Ovidio, don Allah raba mana gardama. Injin ne ke ɗaukar tsoho, ko tsohon ne ke ɗaukar inji?"

Aka kwashe da dariya. Leocadio ya shanye ruwan da matar Ovidio ta miƙo masa, ya goge gemu. Numfashi na dawowa, baki ya dawo.

"Kai dai ji da fitsarin dokin da kake sayar wa mutane. Duk garin Sagua babu mai hannun yaron nan. Zai gano shi, kuna nan zaune."

Yaron da ake faɗa ya haura hamsin, furfura ta cinye masa rabin kai. Amma a gaban Leocadio aka haife shi, gida na jikin gida, kuma shi ya busa ƙaho ranar aurensa da Migdalia, lokacin yana cikin ƙungiyar makaɗan gari. Yabon nan ya yi wa Ovidio nauyi ƙwarai. Ya ɗauko sifana ya durƙusa gaban injin, don dai ya sami inda zai ɓoye fuskarsa.

Ya kwance fulogi, ya duba, ya hura, ya goge da buroshi. Fulogi lafiyarsa ƙalau. Ya taɓa wayar wuta. Ya ƙwanƙwasa kafireta da gindin sukundireba, yana kaɗa kai irin na wanda abu ya gagara.

"Tsaya ka ji yadda yake yi," in ji Leocadio. Kunnen mabushi gare shi, ba abin da ke wuce shi. Ya murɗa leɓe ya kwaikwayi kukan injin tiryan-tiryan, har da ɗan ƙaran sarƙa. Ya ja shi sumul, can ya sa masa tari, ya siranta shi, ya yanke. "Ka ji? Wannan ba mutuwar abin da ya karye ba ce. Abin da ya karye ihu yake yi. Wannan shaƙewa yake yi, kamar an matse masa hanci."

Sifanar ta suɓuce daga hannun Ovidio ta faɗi a siminti.

"Zafi ne, Baba," ya ce, yana laluben ta a ƙasa. "Kwal ɗin nan ne, mai ba fulogi wuta. In ya ɗauki zafi sai ya yanke wuta. Bar min shi zuwa gobe."

Ƙarya yake yi. Babu abin da ya sami kwal. Ciwon injin nan Ovidio ya san shi sarai, tunda shi ya sa shi da hannunsa.

A kwali injin ya zo, daga jikan Leocadio da ke aiki a ƙasar waje: ga inji, ga tanki, ga sarƙa da salansa da totur, kowanne a ledarsa. Yaron ya ji kakansa na kukan rashin mota, ya aiko, ko uwarsa bai shawarta ba. Tun da aka soke bas ɗin San Isidro, ƙauyen tsohon kamfanin sukari, Leocadio bai sa yayarsa Eulalia, wadda yake ce wa Lala, a ido ba. Ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu. Yanzu ƙafa ta daina ɗaukarta, ido ya yi rauni, sai saƙon baka da direban motar madara ke kaiwa ya kawo. Motar kuwa ta hukuma ce, an hana direban ɗaukar ko kaza.

"Ni da Lala ɗaya zai riga ɗaya," haka tsohon ke faɗa wa duk mai saurare. "Ba zan zauna a kawo min labari ba. Da idona zan gan ta."

Ovidio ya ɗaura injin a tsohon keken ƙarfen Leocadio, ya yi aikin da shi kansa ya ji daɗinsa. Ya gwada har bayan gari, abu na tafiya kamar ya sha mai da zuma. Da la'asar ɗin ranar sai Nereida, 'yar tsohon, ta leƙo ta kan katanga, idonta jawur.

"Ovidio, ni 'yar'uwarka ce ko kuwa?"

"Me kuma ya kawo wannan tambaya?"

"Likita ta ce ko tsani kada ya hau. Zuciyar ta gaji. Ka san hanyar San Isidro, ramuka, manyan motoci, ba inuwa ko ta tsayawa fitsari. In ya faɗi a can wa zai gan shi? Na yi magana, na yi faɗa, har takalmansa na ɓoye. Ni ba ya jina."

"To in ce masa kada ya je?"

"Kai ma ba zai ji ka ba. Ka sa abin ya ƙi tafiya." Ta rage murya. "Ba lalatawa nake nufi ba. Ya dai gwada, ya gaji, ya haƙura. In zafin nan ya wuce zan nemo motar da za ta kai mu tare."

Ovidio ya ce a'a. Ya ƙara cewa a'a. Nereida ta kifa kai a katanga ta fashe da kuka, shi kuwa tun suna yara bai taɓa iya jure kukanta ba.

A murfin tankin akwai wata 'yar huda, ba ta fi idon allura ba. Ta nan iska ke shiga ta maye gurbin man da ya sauka. In aka toshe ta, inji zai tashi lafiya, ya yi tafiya lafiya, can sai mai ya daina sauka, kamar gwangwanin madara da aka huda gefe guda. Ovidio ya ɗiga kakin kyandir ta ƙasan murfin, ya shafe wurin da baƙin mai. Da zai miƙa keken kuma ya ja wa tsohon kunne.

"Baba, ko me zai faru, kada ka kuskura ka buɗe murfin tanki inji na da zafi. Wuta zai kama."

Domin da ya buɗe, iska ta shiga, inji ya tashi, shi ke nan asiri ya tonu.

Lissafin da suka yi shi ne, tsoho zai gwada sau ɗaya, sau biyu, ya jingine keke a falo ya koma sauraron rediyo. Haba! Sai ka ce ba su san shi ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana busa ƙaho a bayan gawa da bayan amarya, cikin rana da cikin ruwa, shi ne inji zai kora? Akwai kuma abin da Ovidio, da duk gwanintarsa, bai tuna ba sai da ya gani da ido. Injin da ya mutu kaya ne. Keken ƙarfe, ga inji, ga tanki cike da mai, ga sarƙa biyu. Wanda aka hana hawa don kada zuciyarsa ta wahala, shi ne yanzu ke turo wannan lodi daga gada zuwa gida, rana na dukansa.

Haka aka shiga neman ciwon da babu. Aka canza fulogi. Aka wanke kafireta, aka sake wankewa. Aka yanke tiyon mai aka sa sabo, aka ƙara masa matata. Aka rage baƙin man da ake gaurayawa da fetur, aka dawo aka ƙara. Har gwangwani Ovidio ya yanka ya yi wa kwal rumfa, wai don kada zafi ya same shi. Kowace safiya Leocadio zai shigo da ɗan ruwan kofi a ƙaramin kofin tangaran, ya ajiye masa, ya kifa bokiti ya zauna yana kallon hannunsa da yarda, irin kallon da ake yi wa likita. Ovidio na shan kofin nan ba ya yarda su haɗa ido.

Da gyara ya ƙi ci, laifi ya koma kan Fermín. Wata rana tsohon ya tsallaka titi da kwalba a hannu, ya ɗaga ta a rana gaban 'yan domino.

"Ku duba min! Mai ne wannan ko ruwan wanki? Fermín, ka ji tsoron Allah. Ni za ka cuta, ni da na busa a jana'izar ubanka?"

"Na rantse da uwata, Baba, daga inda na samo shi ban ƙara masa ko ɗigo ba!"

"Uwar taka ma ta gaji da rantsuwarka."

Fermín ya yi dariyar yaƙe, amma an ga abin ya taɓa shi, don ranar bai ƙarasa wasan ba. Ovidio na tsaye a ƙofar gidansa da tsumma a hannu, ya ji komai, ya koma ciki.

Abin da ya karya shi ya zo ne ranar wata Juma'a. Leocadio ya shigo yana murmushi har kunne, ya zaro wani abu daga aljihu naɗe da jarida.

"Ungo. Sabo fil. Ba ka ce kwal ba ne?"

"Baba, ina ka samo wannan?"

"Wani yaro a bayan tashar jirgi. Ɗansa na koyon busa a makaranta, ba shi da ƙaho. Ni ina da ƙaho ba ni da numfashi. Sai muka yi musaya."

"Ƙahonka ka bayar?"

"To me zan yi da shi? Rataye yake a bango yana cin ƙura. Wannan kuwa zai kai ni wurin Lala. Ɗaura min, ɗana."

Ovidio ya ɗaura. Me zai ce? Ya cire lafiyayyen kwal ya sa lafiyayyen kwal, har noti ya faɗi sau nawa.

Da rana Migdalia ta ajiye masa shinkafa da baƙin wake, ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

"Ci mana. Ko ba ya wucewa?"

"Ba na jin yunwa."

"Ai dole. Ni fa ba makauniya ba ce, Ovidio. Shekara nawa ina ganinka da inji? Babu wanda ya taɓa kwana biyu a hannunka bai faɗa maka ciwonsa ba. Na ga Nereida a katanga, na ga kyandir ɗina a kan bencinka da rana tsaka. Tsoho ya rabu da ƙahonsa kana kallo. Kai ko kunya ba ka ji?"

"Ita nake ji, Migdalia. Ita ce ta hana ni cin abincin."

"To jin kunya a zaune me zai gyara? Tashi ka je."

Ya tashi ya je. Ya sami Nereida a bayan gida tana shanya. Ya faɗa mata batun ƙaho, ya faɗa mata yadda leɓunan ubanta ke komawa in ya turo keken. Ta tsaya da jiƙaƙƙen zanin gado a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafarta.

"Litinin za mu koma wurin likita. Bari ta faɗa masa da bakinta, a gabana. Ka ba ni zuwa Litinin kawai, Ovidio. Don Allah."

Keken na jingine a falo, ƙofa a buɗe, tsohon na barcin rana. Buɗe hudar aikin ƙiftawar ido ne da allura. Ovidio ya dubi keken ta taga, ya dubi Nereida, ya ce to.

Ranar Lahadi da hantsi Nereida ta tafi bin layin sayen kaza. Ovidio na kan benci ya hango Leocadio ya fito da keke, sanye da farar rigarsa ta zuwa biki, an goge ta ƙal, ga hular kaba, ga wata 'yar jaka ɗaure a bayan sirdi. Tsohon ya ɗaga masa hannu.

"Alewar gwaiba na ɗaukar wa Lala! Yau da sabon kwal, sai San Isidro!"

Ya taka feda, ya saki kulochi, inji ya kama, ya bar hayaƙi shuɗi a layin. Ovidio ya ɗaga hannu shi ma. A ransa ya ce, gada ce iyakarsa, yanzu zai dawo. Har ruwa ya sa Migdalia ta ajiye a inuwa, ya kifa bokitin zama a inda aka saba.

Rana ta take tsaka, shiru. Nereida ta dawo da kaza a leda, ta leƙa falo, ta fito a guje ba takalmi. Ovidio ya ari keken wani ya taka har gada, ba kowa, sai ɗigon mai a kwalta. Yana tsaye yana waige-waige ya hango keken doki na tahowa daga can, a hankali, da keken inji kwance a baya da mai farar riga kusa da shi.

"Naku ne?" in ji mai dokin. "Can bayan mararraba na same shi, zaune a gindin bishiya. Na zaci hutawa yake. Ba gari ya dosa ba fa, San Isidro ya dosa. Turawa yake ta yi. Na ce Baba ina za ka da wannan ƙarfe cikin ranar nan, ya ce ai ya kusa."

A asibiti aka sa masa abin numfashi. Da la'asar ya farfaɗo, ya nemi a kira masa Ovidio. Ovidio ya shiga da hula a hannu, ya tsaya a ƙarshen gado kamar wanda aka kira ofishin 'yan sanda. Nereida na zaune a gefe tana yi wa uban fifita da kwali.

"Matso mana. Cizo nake yi?" Muryar ta yi ƙasa, amma tsiyar na nan. "Dubi fuskarsa, Nereida. Sai ka ce shi ne a kwance."

"Sannu, Baba."

"Kada ka sa wa ranka damuwa. Ka yi iyakar yinka, kowa ya gani. Inji ne na banza." Ya huta. "Amma ka san na ɗan wuce gada yau? Kwal ɗin ya taimaka."

"Baba, akwai maganar da…"

"Ovidio," in ji Nereida, ba ta dube shi ba. "Bar shi ya huta."

Ba ta toshe masa baki ba. Da ya so faɗa da ya faɗa. Ya yi shiru ne don tsoron idon tsohon, kuma ya san haka.

Leocadio ya lalubo hannunsa ya riƙe.

"Da ya mutu, na ce bari in leƙa ko mai ne ya ƙare. Har na ɗora hannu a murfin." Ya yi ɗan murmushi. "Sai na tuna ka hana. Ka ga, ina jin maganarka. Nereida ce dai ba na ji."

Ovidio bai san yadda ya fito daga ɗakin ba. Ya tsinci kansa a bayan asibiti, kusa da tankin ruwa, ya dafa bango, ƙaton mutum da furfura, yana kuka har da majina.

Da gari ya waye Leocadio ya cika. Aka sa binnewa washegari da safe. Mata suka cika gidan, aka ɗora kofi, aka jero kujeru har titi. Sai maganar Eulalia ta taso. Wayar shagon San Isidro ba ta shiga, an ɗauke musu wuta. Motar madara ba ta fita ba, babu gas. In ba a kai mata labari yau ba, ta nemi tarakta ko keken doki a can, za a binne ƙaninta ba ta sani ba.

"Ni zan je," in ji Ovidio.

Keken na jingine a farfajiyarsa tun da mai doki ya sauke shi, jakar na ɗaure a baya. Yana goge sirdi sai ga Fermín ya tsallako, 'yan domino biyu na biye da shi. Yau babu raha a fuskarsa. Ya rungumo kwalba a ƙirji.

"Ungo wannan. Na tace shi da ƙyalle, na sake tacewa. Ba na son ko sisi." Ya matso kusa. "Ovidio, tsakaninka da Allah, man nawa ne? Tun jiya ban iya cin abinci ba. In ruwa ne a ciki, ka faɗa min. Na rantse ban zuba ba, amma ka san hannu nawa yake bi kafin ya zo wurina. In ni na kashe tsohon nan…"

Nereida ta fito ta tsaya a bakin ƙofarsu da baƙar riga. Migdalia na tsaye a taga.

Ovidio ya dubi Fermín. Ya ga abu ne mai sauƙi ya ce masa, a'a, inji ne na banza, kowa ya watse. Tsohon ma ai haka ya ce.

"Migdalia," ya ce, "ba ni allura."

Ta zare ɗaya daga wuyan rigarta ta miƙo masa. Ya murɗe murfin tankin, iska ta ja da ɗan sauti. Ya kifa murfin, ya goge baƙin man da babban yatsa, ya soka allurar. Wani ɗan farin abu, bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya faɗo a tafin hannunsa. Ya miƙa hannun gaban Fermín.

"Ba manka ba ne. Kaki ne. Ni na sa."

Fermín ya dubi tafin hannun, ya dubi Ovidio, ya juya ya dubi Nereida. Ta rufe fuska da hannu biyu ta zame ta zauna a dokin ƙofa. Ɗaya daga 'yan dominon ya ce, "Kai!" a hankali, ya cire hularsa. Ovidio ya tsaya yana jiran zagi, har so yake a zage shi, ko a mare shi. Fermín, wanda bakinsa bai taɓa mutuwa ba, bai zage shi ba. Can ya buɗe kwalbar ya juye man a tanki da kansa, bai zubar da ko ɗigo ba.

"Tafi," ya ce. "Rana na yi."

Inji ya kama a taku na farko. Ovidio ya bi layin ya fita gari, kansa a sunkuye. Ya hau gada, ya sauka. Injin bai yi ko tari ba. Ya shiga tsakanin gonakin rake da ciyawa ta cinye, yana kauce wa ramuka, iska na cika masa riga. Manyan motocin da ake tsoro, guda ɗaya tak ya gamu da ita, ita ma a lalace a gefen hanya. Ya wuce mararraba. Ya ga bishiyar, ya ga inda ciyawa ta kwanta a gindinta. Daga nan ana hango dogon bututun hayaƙin tsohon kamfanin. Ashe gaskiya tsohon ya faɗa wa mai doki, ya kusa.

Gidan Eulalia na katako ne, a ƙarshen layin da ke bayan kamfanin. Tun kafin ya tsaya ya ji murya daga baranda, tana kiran Leocadio da sunansa na gida.

"Cayo! Cayo, kai ne? Na ce musu zai iso! Na ce musu!"

Wata 'yar tsohuwa ce a kujera mai lilo, ta yunƙura tana neman tashi, hannu ɗaya a kan sanda, ɗayan ta miƙo shi gaba tana lalube a iska. Ovidio ya kashe inji. Ya turo keken har bakin matakala, ya cire hula.

"Gwaggo Lala, Ovidio ne. Ɗan gidan Amparo, maƙwabcinku."

Hannun ya tsaya a iska. Ta karkata kai tana saurare, ko akwai wani a bayansa. Sannu a hankali ta koma ta zauna.

"Yaushe?" ta ce.

"Yau da safe. Gobe za a kai shi."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi ihu ba. Ya durƙusa a matakala ya faɗa mata yadda ya fito jiya da farar riga, da inda aka same shi. Ya kwance jakar ya ɗora mata a cinya. Ta shafa ta, ta kai hanci, ta gane abin da ke ciki.

"Kai ne makaniken," ta ce. "Kullum saƙonsa ɗaya ne. Lala ki ƙara haƙuri, yaron Amparo na kan aiki, ya kusa ganowa." Ta goge ido da bakin zani. "Yau bai mutu maka a hanya ba?"

"A'a, Gwaggo. Ko sau ɗaya."

"To me ke damunsa ashe?"

Ovidio ya dubi ƙafafunta, kumburarru, cikin silifa na maza.

"Iska ce ba ta shiga."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Gwaggo. Kuma ni na…"

"Matso min da shi in taɓa."

Ya ɗaga gaban keken ya hau da shi baranda, ya tsayar kusa da kujerarta, ya riƙe. Ta lalubi kan keken, ta bi ƙarfen da yatsu, ta wuce tanki, ta kai sirdi, inda fatar ta lotsa ta ɗauki zaman mai shi. Nan ta bar hannunta. Injin na huce zafi yana ɗan ƙas-ƙas, kaji sun dawo suna tono a gindin matakala, Ovidio na tsaye riƙe da keken don kada ya faɗi.